Ranar da Na Kayar da Akwatin Baba

Ko zan manta komai a duniya, ban da ranar da aka binne Baba a Kuru. Har yau in na tuna, sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

A danginmu 'ya'ya maza ne ke ɗaukar akwatin uba daga coci zuwa kabari, babban ɗa a gaba. Ni ne babba. Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne, ƙafafuna sun daɗe suna yi mini gardama. In zan tashi daga kujera sai na dafa gwiwa, matakalar ofis kuwa sai na huta a tsakiya. Amma ga ƙafafun tiɓa-tiɓa, wa zai ce babu ƙarfi a cikinsu?

Ashe ƙanena ya lura. Ya ja ni gefe ya ce, "Yaya, ka bar ni a gaba, kai ka riƙe hoton Baba."

Na ce, "Hoto? Ina raye ƙanena ya tsaya a wurina? Kauce ka ba ni wuri!"

Taurin kai ke nan. Muka fito, matan zumuntar coci na waƙa a baya. Muna kaiwa gangaren nan mai duwatsu, gwiwata ta lanƙwashe. Kusurwar akwatin ta daki dutse, na ji Baba ya motsa a ciki. Waƙa ta tsaya cak. Ga ni a ƙasa cikin ankon makoki, na kasa miƙewa sai da na dafa ƙasa, na dafa gwiwa, na dafa cinya. Wani a baya ya ce, "Burkutu ya sha ne?" Wayyo, kunya! Ban taɓa jin irinta ba.

Da aka watse Mama ta kira ni ɗaki. Na zaci faɗa za ta yi. Sai ta ce, "Ɗana, yadda ka tashi ɗin nan, haka kawunka yake tashi kafin ya zauna gaba ɗaya. Mu ma ɓoye shi muka yi."

Daga baya likita a Jos ya tabbatar mini ciwon raunin tsoka ne na gado, ta wajen uwa yake biyowa. Ya ce ba ya warkewa, amma ana lallaɓa shi, a riƙa duba zuciya. Ƙannena mata ma suka je aka duba su saboda 'ya'yansu.

Ciwon ba ni na ɗora wa kaina ba, kuma ba shi ya kayar da Baba ba. Ɓoyonsa ne. Tun ranar na koyi buɗe baki in ce ba zan iya ba.

Bara Mama ta rasu. Ƙanena ya tsaya a gaban akwati, ni kuma ana tura ni a keken guragu, na rungume hotonta da hannu biyu har bakin kabari. Ita kam ba ta taɓa ƙasa ba sai da aka sauke ta.