Gashina da ƙwayayen da na binne

Daren jiya na yi wani mafarki da har yanzu ya ƙi fita daga raina. 'Yan uwa mata, ku taimaka min.

Shekarata shida da aure ban taɓa ko ɓatan wata ba. Wata uku ke nan ina shan maganin da likita ta ce zai sa ƙwan haihuwata ya nuna. Duk wata sai ta ɗora min na'ura a ciki, ta ƙirga 'yan jakunkunan da ƙwan ke girma a cikinsu, ta girgiza kai. Ta ce in wannan karon ma babu wanda ya kai, a dakata da maganin.

A mafarkin ina zaune a gaban kakata Inna Delu, wadda ta rasu tun ina firamare, tana taje min kai. Ɗakin asibitin ne, amma ƙasan yashi ne irin na tsakar gidanmu na ƙauye. Gashi na ta zuba a cinyata. Na ɗauki sili ɗaya na duba, sai na ga a tushensa akwai 'yar jakar ruwa kamar ƙwan kifi, tana motsi. Kowane sili haka. Sai kawai na ji muryar likita daga cikin wata randa tana ƙirgawa, amma baya-baya take yi.

Kun san yadda aka koya mana, ba a barin gashi a fili kada tsuntsu ya yi sheƙa da shi. Ni kuwa uwar bin ƙa'ida, na dunƙule shi, na tona rami, na tura, na danne da dutse. Sai da na gama na ji kukan jarirai daga ƙarƙashin yashin. Da hannuna na binne su. Na hau tono kamar mahaukaciya, ramin ya ɓace.

Sai kawai na shafa kaina na ji shi tal, saura sili ɗaya, Inna ta naɗe shi a yatsanta.

Ta ce, "Jikalle, in cire ko in bari?"

Na buɗe baki, murya ta ƙi fita. Ta sake tambaya. Ina cikin kokawa da harshena aka kira asuba, na farka jiƙe da gumi.

Wallahi tsoro nake ji. Ƙarfe goma zan je a duba ni, ko mijina ban iya gaya wa ba. Don Allah masu sani, in mamaci ya tambaye ka a mafarki ka kasa amsawa, shirun nan me ya ɗauke shi, cire ko bari?