Man Gyaɗar Umma a Gaban Alƙali

Umma ta daɗe tana matsar man gyaɗa a gidanmu na Gwammaja. Da man da ƙuli-ƙulin ta riƙe mu bayan rasuwar Baba, har na gama karatu na fara koyarwa a wata firamare a Goron Dutse.

A shekarar da na kama aikin ne ciniki ya tsaya cak. Masu ƙosai da masu awara da suka saba aiko da galan kullum suka ɗauke ƙafa. Sai da aka kwana biyu muka ji dalili. Maƙwabciyarmu ta bayan gida, wadda suka taɓa saɓani da Umma a kan kwata, ita ce ta faɗa a wani gidan suna cewa da idonta ta ga an tsamo mataccen ɓera daga duron man, aka tace aka sayar.

Umma ba ta yi kuka ba, amma ta daina fita, ko makarantar Islamiyyar matan aure ba ta zuwa. Mai unguwa ya aika wa matar kira sau biyu. Mijinta ne ya zo, ya ce zancen mata ne, a bar shi ya wuce. Ni na kasa bari.

Mijin wata abokiyar aikina lauya ne. Ya faɗa mini ɓata suna da baki ma ana kai ƙararsa, sai dai alƙali ba ya aiki da jita-jita, dole a samu wanda ya ji da kunnensa. Na bi gidajen matan da suka je sunan ɗaya bayan ɗaya. Kowacce ta ce ta ji, amma maigida ba zai bar ta ta taka kotu ba. Har na fara fid da rai, sai wata tsohuwa Babarbariya mai haɗa turaren wuta ta aiko in zo.

"'Yata, ranar sunan kusa da maƙwabciyar taku nake zaune," in ji ta. "Na ji, na san ƙarya ce, na yi shiru. Shirun nan ya hana ni sukuni. Zan je."

Da labari ya bazu cewa tsohuwa za ta je, mai jegon da aka yi sunan a gidanta ma ta nemi izinin mijinta, ya bar ta. Muka shigar da ƙara a kotun shari'a, aka kai sammaci.

A zama na biyu, bayan shaidun sun yi bayani, alƙali ya tambayi matar yaushe rabonta da shiga gidanmu. Ta yi ta kame-kame, daga baya ta amsa cewa tun rigimar kwatar. Ya ce to ta ina ta ga duron? Ta sunkuyar da kai, ta ce ɓacin rai ne. Alƙali ya yi mata bayanin hukuncin da zai iya hawa kanta, sannan ya juyo ga Umma.

"Allah ya gafarta Malam, goyo gare ta, ba na son a ɗaure ta," in ji Umma. "A gaban mata ta faɗa, a gaban mata nake so ta janye."

Haka aka rubuta. Ranar Asabar a Islamiyya, bayan an tashi daga karatu, matar ta miƙe ta ce ƙarya ta yi, ta roƙi gafara. Umma ta ce ta yafe duniya da lahira.

Ciniki bai dawo rana ɗaya ba. Mai ƙosan bakin masallaci ce ta fara aikowa, sauran suka biyo a hankali, wasu kuwa har yau ba su dawo ba. Bara da matar ta aurar da babbar 'yarta, Umma ta wuni a gidan tana taya su tuƙin tuwo. Ni ban shiga ba, don na fi Umma riƙo, amma na raka ta har bakin zaure.