Neman Mutum na Goma a Hartum

Ana idar da sallar asuba na kulle ɗakina a unguwar Mahjar ta Jidda, na saɓa jaka, na tari motar da ke zuwa tashar jiragen ruwa. Kafilina, mai garejin da nake wa aiki, ya sa hannu a takardar fita yana tsaki, wai gareji ba zai jira ni ba. Na ce masa Inna zan je in gano a Bur Sudan, na daɗe ban sa ta a ido ba. Ya ce yalla, in tafi, amma kada iƙamata, takardar zamana a ƙasar, ta mutu ina can.

Jirgin ya cika maƙil da alhazai masu komawa gida, kowa da gwangwanin zamzam da ƙullin dabino. Mu talakawa a saman jirgi muka baje, rana tana gasa mu. Shayin da ake sayarwa a ciki ruwan zafi ne da aka nuna wa ganye daga nesa, ga shi ya fi na Jidda tsada. Teku kuwa ta yi ta jijjiga mu, har wani dattijo da ke kusa da ni ya rantse ba zai ƙara hawa ruwa ba, ko da kududdufi ne.

Washegari muka sauka. Na tarar da Inna lafiya, sai tsufa. Ina tsakiyar cin kisra da miyar kuɓewa ta ce, "Matar Baba mai agogo ta rasu." Na ajiye lomar da ke hannuna. Baba mai agogo Bayahude ne, gyaran agogo ne sana'arsa, katanga ɗaya ta raba gidanmu da nasa tun ina ƙarami. Matarsa ce ke miƙo mana burodi ta saman katanga duk ranar Juma'a. Allah bai ba su haihuwa ba, mutanensu kuma sun watse a 'yan shekarun nan, tun da zaman ƙasar ya ƙi musu daɗi.

Inna ta yi mini bayani. Akwai wata addu'a da suke yi wa mamaci, wadda ba ta yiwuwa sai maza goma baligai daga cikinsu sun taru. A Bur Sudan ko rabin haka ba su rage ba, don haka aka binne matar ba a yi mata ba. Baba yana so ya je Hartum, inda ɗakin ibadarsu yake, kafin watan makoki ya cika, amma idonsa ya dusashe. "Kai za ka kai shi," in ji ta. Na ce Inna hutuna kaɗan ne fa. Ta dube ni kawai. Halas, magana ta ƙare.

Muka hau jirgin ƙasa. Ya yi ta nishi yana hawan duwatsu jajaye, yashi na shigowa ta taga har cikin haƙora. A ƙananan tashoshi Hadandawa masu tulin suma suna tallar nono da gahawa mai citta, ita kam ta biya kuɗinta. A Atbara na sayo mana ful, wato dafaffen wake, da burodi, man da ke kai ko yatsa bai jiƙa ba.

Ni dai tsohon nan nake kallo. Jirgi na fita gari ya yi addu'ar tafiya. Na miƙa masa ruwa, sai da ya gode wa Allah kafin ya kurɓa. Burodi addu'arsa daban, dabino daban. Na gaya masa ga manyan duwatsu nan muna wucewa, bai gan su ba amma ya yi wa Mahaliccinsu kirari. Da gari ya waye ya lulluɓa da farin mayafi mai geza, ya naɗe hannunsa da wata igiyar fata, ya tambaye ni ina arewa take, don Ƙudus yake fuskanta. Na juya shi, ni ma na nemi alƙiblata, muka kusa cin karo a lungun tarago. Wasu fasinjoji suka riƙa zunɗensa, wani ya tofar da yawu kusa da ƙafarsa. Na yunƙura, Baba ya riƙe mini riga ba tare da ya katse karatunsa ba. Wallahi har yanzu abin na ci mini rai.

A Hartum na kai shi wurin mai gadin ɗakin ibadar, wani dattijo mai tari, ni kuma na sauka gidan ɗan'uwan Inna. Ranar Asabar da safe, ranar da suka fi taruwa, na koma na tsaya a bakin ƙofa. Ɗaki ne babba, kujeru jere, ƙura ta rufe yawancinsu. Tsofaffi suka riƙa shigowa ɗai-ɗai, kowa yana waiwayen bayansa. Ashe su ba sa ƙirga mutum da lamba. Wata aya gare su mai kalma goma, mai gadin yana nuna mutum yana faɗin kalma ɗaya. Ya bi su kaf, ayar ta tsaya saura kalma ɗaya. Ya sake bi, nan ta sake tsayawa. Su tara ne, har da Baba.

Suka ce akwai wani nasu mai shagon yadi a kasuwa, ya daina zuwa. Ban jira an aike ni ba. Na tafi da zagi cike da bakina, na same shi a bayan kanta, tagogin shagon an toshe su da katako. Ya saurare ni har na gama. Ya ce kwanan baya aka yi wa shagon ruwan duwatsu, aka bi 'yarsa da jifa daga makaranta. "In aka gan ni na shiga can yau, gobe ba ni da shago, ƙila ba ni da 'ya. Ka ce wa tsohon ya yafe mini." Na haɗiye zagina na fito. Wa zan zaga?

Da na dawo na ce musu ga ni, namiji ne ni, baligi, a cike da ni mana. Baba ya yi murmushi, ya lalubo kafaɗata. "Ya waladi, ɗana, Allah ya iya ƙidaya. Kai riƙe naka." Suka yi abin da ke yiwuwa da mutum tara. Da aka zo gurbin addu'ar matarsa, Baba ya miƙe tsaye, bakinsa a rufe, hawaye na bin gemunsa. Can ya ce wani abu a hankali, sauran suka amsa da amin. Na tambayi mai gadi, ya ce yabon Allah ya yi, cewa shi ne alƙali na gaskiya.

Washegari na je ɗaukarsa, raina a ɓace. Na ce, "Baba, kai ba ka jin haushi ne?" Ya ce, "Ina ji mana. Na ma gaya masa da safen nan. In ban kai ƙara wurinsa ba, wurin wa zan kai?" Sannan ya ce ba zai bi ni ba, zai zauna a ɗakin mai gadi, ƙila Allah ya jefo wani matafiyi kafin wata ya cika. Na ce masa ba mai shigowa garin nan, fita kawai ake yi, biyu daga cikin taran ma sun riga sun yanki tikitin jirgin sama. Ya ce ya sani. Nasa shi ne zama a bakin ƙofa, kawo mutum kuwa aikin Allah ne. Na yi magiya har na gaji, na bar shi a kan benci, sandarsa tsakanin gwiwoyinsa, fuskarsa na kallon titi.

Ni kaɗai na dawo Bur Sudan. Da na gaya wa Inna, sai ta ja mayafi ta rufe fuska. Na sake hawa teku, ban ma lura da jijjigarta ba.

Ga ni a Jidda, na koma ƙarƙashin motocin mutane. Watan makokin ya cika, ban ji wani labari ba. Da ina ɗauka tawakkali shi ne ka roƙa ka jira a ba ka. Tsohon nan ya nuna mini wanda ake yi bayan an hana ka, kuma ban ji daɗin koyonsa ba ko kaɗan.

Jiya bayan la'asar aka kawo gawa masallacin unguwarmu. Jama'a suka tashi, sahu bayan sahu har waje, da ƙyar na sami wurin sa ƙafa. Ina kabbara ina ƙirga mutanen sahun gabana, na wuce goma ban kai ko rabinsa ba. Da aka ɗauki makara aka fita, na tambayi na kusa da ni ko wane ne mamacin. Ya ɗaga kafaɗa, ya ce shi ma bai sani ba.