Mai Ɗura wa Inji Siminti

A wani gareji da ke Makera, ina jiran a gyara mini babur, idona ya faɗa kan wani dattijo da ake kira Baba Shekari. Siriri ne, sanye da tsohuwar rigar ma'aikata wadda aka ɓalle tambarin kamfani daga ƙirjinta. Ina jin yana cikin waɗanda aka sallama da tsuke bakin aljihun gwamnati ya zo.

Gabansa injin tifa ne da ya tsage, sabo kuwa babu shi a kasuwa. Yana dama siminti a gwangwani, yana ɗura shi a hankali cikin hanyar da ruwa ke bi ya sanyaya injin. Rabi yake cikawa don tsagar ta kama, ya bar wa ruwa rabi.

Direban tifar, Tagwai, yana tsaye a kansa. Cikin masu tseren ɗiban yashi yake, wanda aka riga kuwa, sai Alhajinsa mai motar ya karɓe makulli.

"Baba, zai yi gudu?"

"Zai yi, ɗana. Amma da ka ga allurar zafi ta hau, ka tsaya."

Tagwai ya yi dariya. "Allurar da ta mutu tun bara?"

Dattijon ya jiƙa ɗan yatsa yana shafe bakin simintin sumul, yadda na ga ana shafe kabari a maƙabartar cocinmu.