Goggo Fenglan da Karan Masara

Shekara ashirin da shida ke nan, kullum kafin a yaye bargon da ke rufe rumfunan ledar da muke noman kayan lambu a ciki da safe, Goggo Qiao Fenglan ta riga ta jingine kekenta a bakin wata rumfar. Ba ta fara duba ganye. Hannu take cusawa cikin ƙasa, ta damƙo ta sansana. A wannan watan za ta ajiye aikinta na malamar gona, gwiwoyi sun ƙi.

A ƙauyenmu da ke lardin Shandong ƙasar rumfa kan gaji. An ɗura mata takin zamani har ta yi fari da gishiri, ta taurare kamar daɓe. Goggo ce ta koya mana haƙa rami ƙarƙashin kunya, a shimfiɗa karan masara, a barbaɗa garin da ke ruɓar da shi, a rufe, a jiƙa, sannan a huda don ƙasa ta sha iska.

Ba zan manta da rumfar Dou Baoshan ba. Kokwambarsa ta mutu shekara biyu a jere, matarsa ta rantse in ta uku ta bi su, sai dai su kulle gida su koma wurin ɗansu a birni. Ya binne karan, amma tsoron sanyi ya hana shi hudawa, wai kada ɗumi ya gudu. Kwana tara da dashe, ganye ya yi rawaya. Goggo ta iske shi da fartanya zai tone komai.

"Goggo, kin kashe ni," in ji shi. "Kullum kara, kara. To ga karanki nan."

"Ajiye fartanyar nan. Ina hudar da na ce ka yi?"

"Sanyi fa, Goggo."

"Kai in an toshe maka hanci don kada mura ta kama ka, kwana nawa za ka kai? Gemu har ƙirji, amma kunnen ƙashi."

Ta ɗauki rodi. Wuni biyu tana duƙe tana huda kunyoyi, wari na tasowa har idonta na ruwa. Baoshan na biye da ita yana tambaya, "Za su tashi?" Ita kuwa amsarta ɗaya: "Ban sani ba." Matarsa ta fara ɗaure kaya. Ni kaina na fid da rai.

Ran kwana na shida da hudawar, Goggo ta tumɓuke dashe guda, ta kakkaɓe. Ga sababbin saiwoyi farare. Baoshan ya zauna daɓas a kan kunya. Sai matarsa ta ce, "Goggo, shigo ki sha shayi."

Ke ce likitar ƙasa, Goggo. Ke ce ba ki taɓa yi wa manomi alkawarin abin da ba ki da tabbas a kai ba, ba ki kuma taɓa barinsa shi kaɗai ya jira ba. Mun gode. Masu tasowa, duk wanda ya koya wa mutum aiki, ya koma ya duba kamar yadda take komawa. Gidaje nawa ne a ƙauyen nan da yanzu suna kulle, ba don ita ba.