Ƙaurin da Ya Biyo Mu

Kakarmu, wadda muke kira Iya, ta fi yarda da hancinta a kan idonta. Tana zaune a ƙofar ɗakinta za ta ce tuwon maƙwabta ya kama, kuma in aka leƙa sai a tarar ya kama ɗin. Mu jikoki mukan tsokane ta da cewa hancinta yana riga ta isa ko'ina, ita kuma ta ce namu ai na ado ne.

A Ruwan Godiya muke, a shekarun da kuɗin mai suka fara ratsowa ƙauye. Rediyo ta shiga kusan kowane zaure, amma ba ta iya ƙwace mu daga hannun Iya ba. Lokacin sanyi, da an idar da isha'i sai ta hura wuta a tsakar gida, ta tura gyaɗa cikin toka, mu kewaye ta. Ni na fi kowa son wuta, kullum ina matsawa tana janyo ni.

Cikin tatsuniyoyinta akwai ta Delu, wata mata mai ido a kan laifin mutane. Wata rana Delu ta gama tuyar ƙosai, ta miƙe, sai ta ji ƙauri. Ta faɗa gidan maƙwabciyarta tana cewa tsummansu na cin wuta. Aka duba, babu. Ta shiga gida na gaba, nan ma babu. Haka ta bi gari tana faɗa, duk inda ta sa ƙafa ƙaurin yana nan, har ta yanke cewa garin kaf sakarkaru ne. A bakin rijiya ta tarar da wata akuya tana shan ruwa. A nan Iya kan maƙale murya ta yi ta akuya: "Baiwar Allah, mu dai kahin ki zo ba mu ji komi ba." Delu ta waiga, ashe garwashi ne ya lashi gefen zanenta, ya ci har ya kusa ƙugu. Sai ta faɗa cikin kwamin da dabbobi ke shan ruwa, ga ta tsamo-tsamo.

Mukan yi dariya har da birgima. Iya ta jira mu gama, sannan ta ce, "Ku dai ku riƙe wanga. In kun wuce ƙauri ya tsaya baya, na mutane ne. In ko ya biyo ku, ku tsaya ku duba jikinku."

A shekarar ne Baba ya sayi mota akori-kura ta hannu. Da aka cire auduga, ya loda amfanin shekarar gaba ɗaya zuwa kasuwa ta wajen Mairuwa. Yayyena biyu suka haye can saman buhunan, ni kuma ina gaba a cinyar Iya, wadda ta ce ba ta mutuwa ba ta ɗana motar ɗanta ba.

Ba mu yi nisa ba ta fara shinshina.

"Malam, ana ƙauri."

"Iya, daji ne aka sa wa wuta, ga hayaƙi can," in ji Baba. Da gaske kuwa, mafarauta sun cinna wa ciyawa wuta a gefen hanya.

Muka wuce ƙunar, hayaƙin ya koma bayanmu, iska ta washe. Iya ta sake jan hanci, ta dafa hannunsa.

"Mun bar daji baya, shi ko bai bar mu ba. Tsaya."

Ashe shi ma da labarin Delu aka rene shi. Bai yi musu ba, ya gangara gefe, ya kashe mota, ya ce yaran su diro. Ya ɗaga bonet ya bi wayoyi da ido, ba wadda ta narke. Ya duba ko mai na ɗiga a kan inji, babu. Ya zagaya yana kara hannu kusa da kowace taya ko burki ne ya riƙe, duk lafiya, burkin hannu ma a sauke yake.

"Mi kake nema nan gaba?" in ji Iya. "Wanga ba na roba ba ne, ba na mai ba ne. Ƙaurin tsumma ne."

Baba ya kwanta ya leƙa ƙarƙashi, sai muka ji salati. Tsohon buhun da ya shimfiɗa a ƙasan kaya ne ya zamo ta ƙofar baya, ya naɗe a salansa, bututun da hayaƙin mota ke fita. Ya yi baƙi, jar wuta na tafiya a hankali tana hawa, saura kaɗan ta kai audugar da yayyena suke zaune a kai. Ya fizgo shi da sanda, muka yi ta watsa ƙasa, ya juye ruwan buta a inda ya fara taɓa katako. Ya sauke buhunan baya ya laluba su ɗaya bayan ɗaya, sannan muka zauna a inuwa har salansar ta huce. Na ga yana ta kallon 'ya'yansa maza, ya kasa ɗauke ido daga kansu. Ranar na fara sanin cewa uba ma yana jin tsoro.

Can ya nisa ya ce, "Iya, yau ni ne Delu."

"A'a," ta ce. "Kai ka tsaya."

Yau ni ma ina tuƙi, kuma 'ya'yana sun san ko ina sauri, in ƙauri ya biyo mu sai na tsaya na kashe mota. Da shekaru suka ja, na ga maganar ta wuce mota. In ɓacin rai ya bi ni daga gida zuwa wurin aiki, ya sake biyo ni gidan biki, nakan daina lissafa masu laifi in waiga. Iya ta daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙanta, kuma ina kewarta ƙwarai. Sai da na girma na tuna cewa duk daren da take ba mu labarin Delu, hannunta ɗaya yana riƙe da gefen zanena.