Baƙin Ruwa a Ramin Fulogi

Yayana yana da wata mota da ya fi ƙauna a kanmu duka, kuma bai taɓa ɓoyewa ba. Tsohuwa ce, a gajiye ya saye ta, ya yi ta yi mata ƙari har ta daina kama da danginta. Ya sa mata turbo, abin nan da ke ɗura wa inji iska ya ƙara masa ƙarfi. Ya sauya salansa, ya cire murfin robar da ke kan injin, sannan ya sa aka yanka mata 'yar taga a bonet wai don ta riƙa shan iska. In ya tayar da ita a ƙofar gidanmu a Gyaɗi-Gyaɗi, kajin maƙwabta sai sun nemi mafaka.

Ni aikina wanki da guga, ban da zama a kujerar direba. Ya yi mini alkawari in na yi haƙuri zuwa babbar salla zai fara ba ni makulli. In kuwa ya kama ni kafin nan, ya rantse ko kujerar baya ba zan ƙara shiga ba. Yaya kuma ba ya rantsuwa ya yi kaffara.

Wata Asabar ya bi abokansa ɗaurin aure Zariya, ya ce sai la'asar. Makullin yana aljihun rigarsa, rigar tana rataye a ɗakin da muke kwana tare. An ba kura ajiyar nama ke nan. Wallahi na yi ƙoƙari, har ƙarfe goma na kai. Daga nan na leƙa na ga Inna, mahaifiyarmu, ta shiga madafi, na zare makullin na sulale.

Niyyata ƙarama ce: in zaga ta Tarauni, 'yan majalisarmu su gan ni, in dawo. Lafiya lau muka fita. Da na hau babban titi na taka totur, ta zabura, na ji kaina ya kumbura. Ban gama jin daɗin ba ta yi tari. Sai sitiyari ya kama rawa, salansa na ta fat-fat, wata fitila mai ruwan ɗorawa na ƙifta mini ido. In na taka sai ta shaƙe. Wani mai adaidaita sahu ɗauke da buhunan albasa ya wuce ni, ya leƙo ya ce, "Alhaji, a ja ka ne?" Ban kula shi ba. Ni dai babbar salla nake gani tana ɗaga mini hannu.

Na kauce wa layin majalisa, na lallaɓa zuwa garejin wani dattijon bakanike mutumin Filato, wanda kowa a Tarauni ke kira Baba. Na zaɓe shi ne don Yaya ba ya zuwa wurinsa. Ya dubi motar, ya dube ni, ya ce, "Ɗana, ba taka ba ce."

"Ta gida ce, Baba."

"Na ji. Mai ita yaushe zai dawo?"

Na ce la'asar. Ya duba agogo, ya buɗe bonet. Ya tambaye ni ko na sha man 'yan bumburutu, na ce a'a. Ko na wanke injin? Na ce a'a. Ya ce misin take yi, cikin silinda huɗu akwai ɗaya da ya ƙi aiki, saura mu gano wane ne. Injin na tafiya ya zare wayar kwayil ta farko, wato mai ba fulogi wuta, rawar ta ƙaru, ya mayar. Ta biyu ma haka. Da ya zare ta uku ko gezau, sautin bai sauya ba.

"Ga malalacin," in ji shi.

Ya kashe motar ya zaro kwayil ɗin, sai ga shi sharkaf da wani baƙin ruwa. Ya haska ramin fulogin, shi ma a cike. Ya ce in baƙin mai ne ke tsiyaya daga gasket, abin da ke hana inji yoyo, to sai an buɗe kan inji, kuma ba aikin yau ba ne. Na zauna a kan wata tsohuwar taya.

Baba ya murza ruwan a tsakanin yatsunsa. Ya ce mai santsi yake yi, wannan kuwa danƙo. Ya sansana, ya ɗan taɓa a harshe, sai ya kama dariya har ya dafa bonet.

"Ƙaro ne da gawayi. Ɗana, tawada ce. Rubutu aka ba motar nan."

Na ce yaya aka yi ya sani. Ya ce ya fi ni daɗewa a Kano, maƙwabcinsa malami ne, kuma 'ya'yan shi Baban ma sun sha lokacin jarrabawa, shi dai ya kau da kai. Ya nuna mini tagar bonet ɗin, daidai saitin fulogi na uku, ga busasshen baƙin zane ya gangara. Ya naɗa tsumma a sukundireba ya tsane ramin, ya hura masa iska, ya goge fulogin ya mayar. Motar ta tashi sumul kamar ba ita ba. Ya ce, "Ka gaya wa mai ba ta, a taya ake zubawa."

Kafin la'asar na ajiye ta daidai kan sawunta, na mai da makulli. Na fito da ƙarfina, don yanzu ni ma ina da abin riƙe wani. Inna na kan tabarma tana tsintar shinkafa.

"Inna, wa ya ɗura wa motar Yaya rubutu?"

Ba ta ɗago ba. "Wa ya buɗe mata baki ya gani?"

Ta ce kullum Juma'a takan karɓo wa Yaya rubutun tsari, shi ya ƙi sha, wai ɗaci. To tunda ya ƙi, sai take ɗan yayyafa wa wadda ke ɗauke da shi. Na ce ai wannan ba yayyafi ba ne, ambaliya ce, kuma da Yaya ya ji sai rufin gidan nan ya ɗaga.

"Sai ka gaya masa, ni kuma in gaya masa inda ka gano."

Nan muka ƙulla: ita ta koma taya, ni na kama bakina. Har yau Yaya na zagin karnukan unguwa a kan tayoyinsa. Na juya zan tafi ina jin na ci rabin nasara, sai na tuna wani abu. Na ce, "To Inna, yau ai Asabar ce, kuma Yaya ba ya gari."

Sai a lokacin ta ɗago. Ta ce, "Na yau ba nasa ba ne. Tun jiya nake ganin idonka a kan rigar nan. Shi ya iya ta, kai ba ka iya ba. Kofi guda na juye mata." Ta ce tun da ta ji na fita ba ta iya sa komai a baki ba.

Na ce, "Ai kuwa kin hana ta gudu, har mai albasa ya wuce ni."

Ta mai da kanta kan shinkafarta. "To, ba ga shi ka dawo ba?"